Jar Ciyawa a Falon Dakta Rabi

Da wuya sati ya wuce ban samu saurayi ɗaya ko biyu sun tsaya a ƙofar shagona da ke Gyaɗi-Gyaɗi ba, waya a hannu, sun ce sun zo koyon aikin akwatin kifi. Idan na tambaye su abin da suka sani, sai su ce ai sun kalli bidiyo: a haɗa gilashi, a zuba ruwa, a zuba gishiri, a saki kifi. Nakan ce musu gaskiyarsu ne, tuwo ma ai gari ne da ruwa, amma ban ga sun iya tuƙawa ba. Saboda su nake wannan rubutu, don na gaji da maimaita labari ɗaya a kan benci.

Sunana Ado. A bakin Titin Zoo kuwa, in ba ka ce Ado Mai Teku ba, ba wanda zai nuna maka shagona, ga shi har yau ban taɓa tsoma ƙafata a teku ba. Kifin ruwan daɗi kowa na iya ajiyewa, ko a baho ne. Nawa aikin na ruwan gishiri ne, wato in haɗa wa mutum ɗan guntun teku a falonsa, a garin da teku mafi kusa sai ka wuni ka kwana a mota. A ciki akwai kifaye masu launi, akwai duwatsu, akwai kuma murjani. Ku kun san murjani a wuyan kakanninku. Wanda nake kiwo mai rai ne, dabba ce da ke manne a jikin dutse, tana buɗewa in ta ga haske, tana cin abinci, in ranta ya ɓaci kuma ta tsuke ta ƙi kula kowa.

Aikina na farko a wannan sana'a yoyo ya yi. A lokacin ni mai yankan gilashi ne, tagogi da shokes ɗin masu sayar da turare. Wani dattijo mutumin Kalaba, Baba Sunday, ya zo ya ce in haɗa masa akwati mai riƙe ruwa. Na haɗa, na lafta gam yadda nake yi wa taga, ya ɗauka ya tafi. Washegari ya dawo, na tsaya ina shirin jin zagi, sai ya ce in rufe shago in biyo shi in ga kafet ɗin matarsa. Bayan na gama taya su matse kafet ɗin, ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake jan gam a layi ɗaya ba tare da an ɗaga hannu ba. Daga ranar na zama ɗan gidansa. Wata da watanni bai bar ni na taɓa kifi ba, aikina haɗa ruwa ne kawai. Gishirin ba na miya ba ne, a bokiti yake zuwa daga Legas. Ruwan ma ba na burtsatse ba ne, sai wanda aka tace a gidan fiya wata. Ana auna gishirin da wata 'yar na'ura mai kama da guntun madubin hangen nesa, ka ɗiga mata ruwa ka leƙa ta wajen haske. A wurinsa na koyi cewa idan zafi ya shanye ruwan akwati, ruwa ne ya tafi, gishirin yana nan, don haka ruwan daɗi ake ƙarawa. Duk sabon shiga a nan yake fara kashe kifi.

Jakar aikina ba ta da wani abin burgewa. Tiyo ne na zuƙe ruwa, da jarkoki, da reza ta kankare gilashi, da burushin haƙori, da safar hannu doguwa. Sai dogon hantsaki da ƙaton sirinji, su biyun wata nas ce ta ba ni bayan na gyara mata famfon akwatinta. Sai 'yan kwalaben gwaji, waɗanda ake ɗiga wa magani ruwan ya canza launi ya faɗa maka abin da ke cikinsa. Sauran aikin ido ne da yatsa, kuma za ku ji abin da ya same ni ranar da na bar yatsan a aljihu.

Akwai shekarar da ba na son tunawa. Zafin bazara ya zo da ƙarfinsa, wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, man janareto ya yi wuya, ga shi lokacin sola ba ta yaɗu ba. Murjani ba ya jure zafi, kifi ba ya jure ruwan da ba ya motsi. Na wuni ina yawo a adaidaita sahu da gorunan ƙanƙara, daga Hotoro zuwa Tarauni, ina jefawa a akwatunan mutane, kafin in kai gida na uku ta farko ta narke. Yawancin akwatunan da nake kula da su sun mutu a hannuna. Waɗanda suka tsira kuma wata annoba ta bi su, wadda mu a shago muke kira jar majina. Wani jan yauƙi ne da ke shimfiɗuwa a kan yashi da dutse kamar an yafa tsumma, ga wari, ga kumfa a jikinsa. Maganin da Baba Sunday ya koya mini shi ne a zuƙe shi da tiyo, a lulluɓe akwatin kwana uku ba haske. Tun daga shekarar, ko jar leda na hango a cikin ruwa sai gabana ya faɗi.

Akwatin Dakta Rabi a Tarauni yake, kuma yana cikin mafi kyau da na taɓa haɗawa. Tsawonsa ya kai kamu shida, yana zaune a kan kabad a falo, a cikin kabad ɗin kuma akwai ƙaramin akwati inda famfuna suke, ruwa na sauka can yana komawa sama. Ga sola, ga fanka biyu suna hura saman ruwan. A tsakiya akwai wani koren murjani manne da babban dutse, shi ne ɗan lelen Dakta. Ita likita ce a babban asibiti, tana fita da sassafe, ba ta dawowa sai bayan magariba. Ni kuma ina zuwa duk Talata da hantsi, mai kula da gidan ta buɗe mini. Maman Blessing ke nan, wata dattijuwa 'yar kudu da ta yi shekaru a Kano, Hausarta ta fi ta wasunku.

A gidan akwai mahaifiyar Dakta, Inna. An kawo ta daga ƙauyensu ta wajen Gezawa bayan ta faɗi ta karye a ƙugu. An yi aiki, ƙashi ya haɗe, hoto ya nuna lafiya lau, amma Inna ta ce ƙafa ba ta ɗaukarta. Dakta ta kawo masu gashin ƙashi, ta sayo sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, ta yi lallashi, ta yi faɗa, Inna na kwance tana kallon silin. Abin yana damun Dakta ƙwarai, don ko ni da ba komai ba ta taɓa ce mini tana warkar da iyayen mutane ta kasa tayar da tata.

Wata Talata na zo da wuri fiye da yadda na saba. Ina shiga falo na ga tsohuwa tsaye a gaban akwati, hannu ɗaya a kan kabad, tana yi wa kifaye irin kiran da ake yi wa kaji. Ta waiwayo ta dube ni sama da ƙasa, ni da furfurata.

"Kai yaro, ba ka gan ni ba."

Na ce ban gan ta ba. Sai ta yi mini bayani dalla-dalla, kamar mai karanta sharuɗɗan haya. Ƙafarta kalau take. Amma ranar da Rabi ta san tana tafiya, za ta ce birni ya karɓe ta, shi ke nan ita da ƙauye sai a labari. In kuwa ta ci gaba da kwanciya, wata rana Rabi za ta gaji ta mayar da ita gida wajen awakinta. Yajin aiki take yi ke nan. Kifayen ne kawai suka ɓata mata shiri, don ta ce ba za ta iya kwanciya a ɗaki ba alhali akwai abin kiwo a gidan. Maman Blessing ta san komai, an rantsar da ita tun tuni. Ita ce ta raɗa mini cewa daga gadon Inna zuwa akwati taku ashirin ne da ɗoriya, kuma kowane sati Inna tana rage dafa bango. Wannan 'yar tafiya ita ce duk motsin da tsohuwar ke yi a duniya.

Wata biyu kafin rigimar da zan ba ku labari na kawo sabon dutse daga Legas. Irin duwatsun nan a jiƙe suke zuwa a cikin kula, kuma ba su taɓa zuwa su kaɗai ba, kullum da baƙin da ba a gayyata ba a cikin ramukansu. Ran nan ina shago sai ga hoto daga Dakta a waya: wani jan abu ya fito a jikin sabon dutsen, ya tsallaka babban, yana neman kewaye koren murjaninta. Ba ta tsaya jiran amsa ba ta kira. Ta ce ita likita ce, jan abin da ke yaɗuwa ba abokin zama ba ne, kuma tana da marar lafiya a gida, ba za ta ajiye abin da ba ta san sunansa ba. Ta ba ni sati biyu. Ranar Asabar ta sama tana gida, in ta ga ɗigon ja, in zo da jarkokina in kwashe ruwan in fitar da akwatin.

Maganar Inna ta zo mini har bakin harshe. Da na faɗa, da rigimar ta mutu a nan take. Amma na yi wa tsohuwa alkawari, kuma ni ba a gidanmu aka koya mini tona asirin tsofaffi ba. Na ce wa Dakta kada ta damu, na san abin, jar majina ce, kwana uku ta isa.

Ku lura da kyau, a hoto na gani. Ban taɓa ba, ban shinshina ba, ban ko tsaya na dube shi da kyau ba da na isa gidan. Tsoron waccan shekarar ne ya yi mini gwajin. Na kashe fitilun akwati, na ari barguna biyu wajen Maman Blessing, na lulluɓe shi ruf, na ce kada wanda ya ɗaga sai na dawo. Da na dawo rana ta huɗu, Maman Blessing ko gaisuwata ba ta amsa da kyau ba. Ta ce Inna ta fito ranar farko, ta tarar da bargo, ta tsaya ta dube shi, ta koma. Tun daga nan ba ta sake sauko da ƙafa ba, kokonta ma rabi take sha. Na yaye barguna. Koren murjani ya tsuke ya yi fari-fari saboda rashin haske. Jan abin kuwa ya yi ɓul-ɓul, kamar wanda ya dawo daga hutu.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni haushi ne ya kama ni, na zaro burushin haƙori na shiga dirzar dutse a cikin akwati, famfuna na aiki. Na dirje shi tas, ruwa ya cika da jajayen ɓurɓushi suna yawo, na tsaya ina kallon aikina ina jin daɗi. Bayan kwana shida na dawo na tarar kowane ɓurɓushi ya samu wurin zama. A da wuri biyu ne, yanzu na ƙirga har na bari. Ya maƙale a ramukan duwatsu, a bakin famfo, har a bayan wani dodon koɗi da ke yawonsa bai san an yi masa lodi ba. Saura kwana huɗu Asabar.

Ina tsugune ina kallon ikon Allah sai na ji takun silifas a bayana. Inna ce, ta ɗan rame, tana dafa bango fiye da da. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce in tsinko mata abin ta gani. Na sa hantsaki na tsinko na ɗora mata a tafin hannu. Ta murza shi, ta ja shi ya tsinke da ɗan ƙara, ta kai hanci, ta ɗaga shi wajen taga tana duban 'yan rassansa.

"Ka taɓa noma?"

Na ce a'a, ni a birni aka haife ni.

"Na gani. Wannan ai ciyawa ce. Kai kuma ka sassare ta ka watsa a gona."

Ta ce a wajensu akwai kiri-kiri, wadda in ka sare ta ka bar guntayen a ƙasa, kowane guntu sai ya kama. Ba a yi mata fushi, tsugunawa ake yi a bi ta a cire har gindi, a fitar da ita bayan gona. Ina jin haka na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na cika sirinji na fesa wa abin ruwa da ƙarfi. Da jar majina ce, da ta ɗaye ta tashi kamar fatar madara. Wannan ko gezau, sai rausaya da ya yi. Na murza shi da yatsa, ba yauƙi, ƙarfi gare shi kamar guringuntsi. Ba wari, ba kumfa, yana da rassa, kuma gindinsa na riƙe da dutse gam.

Na kira Baba Sunday ta bidiyo, don ya daɗe da komawa garinsu. Na nuna masa, ya yi dariya har da tari. Ya ce ciyawar teku ce ja, a jikin dutsen Legas ta zo, ba cuta ba ce, ba ta da dafi, akwai ma masu sayenta don ado. Ya ce irinta a inuwar duwatsu take rayuwa, don haka duhun kwana uku bai dame ta ba. Illarta ɗaya ce: in ta yi yawa tana tare wa murjani haske tana gogarsa har ya mutu. Sannan ya tambaye ni abin da take ci, tunda ciyawa ba ta haukacewa haka kawai. Kafin ya kashe waya sai da ya tambaye ni ko in zo in sake matse kafet.

Na ɗebi ruwa a kwalbar gwaji na ɗiga magani. Ya kamata ya tsaya kusan fari, sai ya rine shuɗi kamar an jiƙa bula. Ma'anarsa ragowar abinci ya yi yawa a ruwan. Na ce abin da mamaki, don Dakta da kanta take ba kifayen abinci, ɗan tsunkule sau ɗaya kafin ta fita. Maman Blessing ta riƙe ƙugu ta juya ta dubi Inna. Ta ce wata biyu ke nan tana zargin ɓera a kan kirafish ɗinta na miya, har ta sayi tarko.

Inna ko kunya ba ta ji ba. Ta ce Rabi na ba bayin Allah abinci kamar maganin asibiti, ita kuwa ba za ta zauna ta sha koko ba rai na kallonta da baki buɗe. Tun tana yarinya ba ta taɓa karyawa ba sai abin kiwonta ya ci. Don haka kullum takan murtsuke kirafish cikin tafin hannu ta watsa musu, safe da azahar. Na yi mata bayanin cewa abin da kifi bai cinye ba ruɓewa yake yi, ciyawar ta sha. Ta gyaɗa kai ta ce ta gane, ita ta zuba taki, ni na yi shuka, ba mai yi wa wani gori.

Kwana ukun da suka biyo baya, kullum da hantsi ina gidan. Ga yadda ake yi, ku riƙe. A kashe famfuna tukuna, don kada ruwa ya ɗauki guntaye. Duk dutsen da zai ciru a ciro shi a sa a baho mai ruwan gishiri, a bi ciyawar da hantsaki a kama ta daga gindi a murɗa, a ɗauraye dutsen a wani bahon kafin a mayar. Wanda ba zai ciru ba, hannu ɗaya na tsinka, ɗaya na riƙe da bakin tiyo a kusa yana zuƙe duk abin da ya kuɓuce. Kullum a canza kashi kaɗan na ruwan, ba duka ba. Na ba Inna safar hannu, ta zauna a kujera 'yar tsugunno da baho a gabanta. Kafin in gama dutse ɗaya ta gama uku, tana yi tana yi mini tsiya cewa yatsuna kamar rogo. Da muka tara ciyawar zan zubar, ta hana. Ta ce abin da ke shan taki ba a yar da shi, a nema masa gefe. Gaskiyarta ne kuwa. Na zuba dunƙule ɗaya a ƙaramin akwatin cikin kabad, na rataya masa 'yar fitila, ya zauna can yana tsotse dattin ruwa ba ya taɓa kowa. Abincin kifi kuma muka yi sulhu: na auna mata na kowace rana a ɗan murfin kwalba, kirafish ya koma miya.

Duwatsu suka yi fes, koren murjani ya fara leƙowa. Amma babban dutsen da yake manne a kai ba ya ciruwa, kuma ramukansa sun fi ƙarfin hantsaki. Duk abin da muka cire yau, gobe sai ka ga jan kai ya ɓullo. Na san ba za ta ƙare kafin Asabar ba. Ranar Juma'a na roƙi Inna ta bar ni in faɗa wa Dakta gaskiya. Ta ce in na faɗa ba ta yafe ba, tana da awaki tara suna jiranta.

Asabar da hantsi na zo da jarkokina a adaidaita, na bar su a ƙofar gida ko Allah zai sa a dace. Dakta ta sa tabarau ta durƙusa a gaban akwati tana bin duwatsu ɗaya bayan ɗaya, kamar tana zagayen marasa lafiya. Na yi mata duk bayanin da Baba Sunday ya yi mini, na amsa laifina na bargo da na burushi. Ta saurara har na gama. Sannan ta ɗora yatsa a gilashi daidai gindin koren murjani, inda jajayen kawuna uku suka fito. Ta ce sati biyu da suka wuce na ce mata majina ce, yau na ce ciyawa ce, ba ta san abin da zan ce jibi ba. Ta ce ba ta da lokacin bin ciyawa kullum, ni ma ba ni da shi, in shigo da jarkokin.

Na fita na kwaso su, na warware tiyo, na tsoma bakinsa a ruwa. Maman Blessing na tsaye a ƙofar kicin ta haɗa hannu a ƙirji tana motsa baki. Raina ya ɓaci sosai, don na san ni na jawo.

Sai ƙofar ɗaki ta buɗe. Inna ta fito, ta ɗaura ɗankwali, ta naɗe hannun riga, ba sanda, ba dafa bango. Ta ratso falon nan taku ɗaya bayan ɗaya, ba ta dubi kowa ba. Dakta na durƙushe ta kasa tashi. Inna ta zo ta zare tiyon daga ruwa ta miƙa mini, ta karɓi hantsaki a aljihun rigata.

"Matsa, Rabi, kin tare mini haske."

Dakta ta matsa. Muna kallo tsohuwa ta zura hannu ta tsinke kawunan nan uku ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye a murfin jarka. Sai Dakta ta dube ta ta ce:

"Inna, tun yaushe?"

"Tun kafin azumi. Kada ki dame ni da kuka, ciyawa ce, kullum sai an bi ta. Zan zauna har ta ƙare, ranar da ta ƙare ki mayar da ni gida."

Na buɗe baki zan yi gyara, irin na masu sana'a. Inna ta dube ni ta gefen ido, na rufe bakina na shiga naɗe tiyo.

Dakta ta rako ni har bakin get, abin da ba ta taɓa yi ba, tana ta goge ido da gefen mayafi. Na gama ɗora jarkoki a adaidaita, sai ta rage murya ta tambaye ni tsakani da Allah wata nawa ciyawar nan za ta ɗauka kafin ta ƙare. Wannan karon na taɓa abin da hannuna, don haka na faɗi abin da na sani. Na ce mata irin wannan, in ta kama ramin dutse, ba ta ƙarewa.

Ta waiwaya ta dubi tagar falo.

"To Malam Ado, kada ka kuskura ka kawo mata magani."

Na ce in sha Allahu ba zan kawo ba, na shiga adaidaita da jarkokina ba ko ɗigon ruwa a ciki.